Kafin a Kaɗa Ƙararrawa a Kwamba

Suleja,
3 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga maiɗakina Sailuba,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da kewa wadda ba sai na faɗa ba. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yar jaririyar, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya ruwan zafi? An ce mini Inna ba ta raga miki ko kaɗan. Ki daure, jego ba ya dawwama. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafin gari, hadari yana haɗuwa kullum da yamma yana watsewa.

Bayan haka, wasiƙarki ta iso, amma sai da ta sha yawo don kin rubuta Abuja a bayan ambulan. Sunan nan an ɗauke mana shi an kai daji, inda za a gina sabon birni. Nan gaba ki riƙa ba Akinola direba, mai lodin Zariya, ya fi gidan waya sauri.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ba ni kuma da wanda zan gaya wa sai ke. Ranar Asabar aka wayi gari an liƙa takardar banki a ƙofar gida biyu a Kwamba. Ɗaya gidan Malam Tanimu ne mai tifa, wanda kike sayen man gyaɗa wurin matarsa. Ɗayan kuma gidan Mama Dokas mai doya, mutuniyar Garam. Takardar ta ce Asabar ta ƙarshen watan nan za a yi gwanjonsu.

Shi Malam Tanimu jinginar da gidan ya yi ya sayi tifa, yana kwasar wa wani kamfani yashi. Kamfanin ya riƙe masa kuɗi wata da watanni, ana cikin haka motar ta kife da lodi a gangaren Diko, inji ya tashi aiki. Ita kuwa Mama Dokas ko kwabo ba ta ci ba. Ƙanenta ta tsaya wa, ta dangwala yatsa a takarda, ya karɓi rance ya sayi tasi, ya nufi Ikko. Tun daga nan ba shi ba labarinsa. Gidan nan da doya ta gina shi, ɗaki bayan ɗaki, tun tana ɗauko kaya a kafaɗa daga ƙauye.

Shekarata shida ina dillancin gidaje a garin nan, ban taɓa ganin gida ya yi daraja irin ta bana ba. Kullum motoci suna sauke ma'aikatan sabon birni, kowa ɗaki yake nema. Wanda ya sami gidajen nan a farashin gwanjo ya tsinci arziki.

To shekaranjiya wani Alhaji daga Kaduna, mai farar Marsandi, ya aika aka kira ni masaukinsa. Ya ba ni lemo mai sanyi, ya yi ta yabona. Abin da yake so shi ne in tsaya masa ranar gwanjo, kafin nan kuma in baza a gari cewa gidajen suna da rigima a kotu, don kada kowa ya taya. Ya ce zai ninka mini la'ada, ya ba ni ciki da falo a gidan Malam Tanimu in zauna kyauta, ni ne kuma mai karɓar masa haya.

Sailuba, ban ce masa na yarda ba, amma ban ce na ƙi ba. Ina zaune a gabansa ɗakinmu na Bagama nake gani, da kwanon da yake yoyo daidai kan gado, da yadda kike girki a tsakar gida da buhu a ka in ana ruwa. Ga damina ta ƙarato, ga ki za ki dawo da goyo.

Da zan koma gida na bi ta Kwamba. Na tarar da Mama Dokas zaune a dakali, takardar tana saman kanta. Ta kira ni ta ce, "Gwadabe, kai ka yi boko, sake karanta mini ranar." Na karanta mata. Ta ce ta gode, har da ba ni doya biyu in kai gida. Na karɓa na tafi.

Ki gaya mini abin da kika gani, kada ki ɓoye mini don kunya. Ki gaida Baba da Inna, ki shafa mini kan yarinyar.

Ni ne mijinki,
Gwadabe.


Suleja,
12 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga Sailuba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, da ke da ita, kuma tarin da kika ce Baba yana yi ya lafa. Na sami amsarki a hannun Akinola, da dakakken yajin da kika aiko.

Kin ce ba za ki shimfiɗa wa 'yarki tabarma a ɗakin da aka fitar da 'ya'yan wani ba, gara yoyon. Na karanta wurin nan na ji kunya, sa'an nan na ji sanyi. Washegari na je na ba Alhaji haƙuri. Bai yi fushi ba, dariya ya yi. Ya ce ai ba ni kaɗai ne dillali a garin ba.

Maganar nan tasa ita ta kai ni shagon Mista Adewale, mai allo da tafireta a bakin tasha. Kin san tun bara da ya ƙwace mini mai sayen filin Madalla ko gaisawa ba ma yi. Na tsaya a ƙofa na yi sallama, ya dube ni ta saman tabarau kamar mai bin sa bashi. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya jawo mini kujera. Ashe shi ma an ba shi lemon. Muka aika aka kira Nnabuike, wanda yake nema wa mutanen Kudu ɗakuna, da Baba Gambo, babbanmu a sana'a, mai zama gindin ɗorawa a kasuwa. Duk mu huɗu Alhaji ya taɓa, kowa an gaya masa shi kaɗai aka zaɓa.

Baba Gambo ya kawo shawara mu yi rantsuwa kada ɗayanmu ya je gwanjon, kada kuma mu kai kowa. Har na ce madalla. Sai Adewale ya buga tebur, da Hausarsa mai ja, ya ce, "Baba, abin da yake so ke nan! In babu kowa a wurin, shi kaɗai zai taya, banki ya ɗauki nasa, masu gida su fita da tabarma." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ga abin da muka tsayar. Gidan Malam Tanimu ɗaki goma sha biyu ne, abin da banki yake bin sa kuwa bai kai dubu biyar ba. In ya yarda ya matsa da iyalinsa ɗaki biyu na baya, muka samo masu haya a sauran su biya na shekara biyu gaba ɗaya, za a iya fanso gidan kafin ranar. Na Mama Dokas ɗaki huɗu ne kacal, bashin kuma ya fi na Malam Tanimu. Mun juya lissafin ta kowace fuska, haya ba za ta fitar da shi ba. Abin da za mu iya yi mata shi ne mu cika wurin gwanjon da masu saye na gaskiya, gidan ya yi kuɗinsa, ta sami abin da za ta riƙe bayan banki ya cire nasa. Muka kuma yarda babu wanda zai karɓi la'ada. Baba Gambo ya yi gunaguni, ya ce shi yana da baki goma sha a gida, amma daga baya ya ba da hannu.

Da la'asar muka ɗunguma gidan Malam Tanimu. Ko zaure bai bari mun shiga ba. Ya rame, idonsa ya yi ja. Yana ganinmu mu huɗu ya ce mun zo auna masa kabari tun yana numfashi, ya ce mu da banki duk ɗaya ne. Ya ɗauko ƙarfen tayar da taya ya tsaya a bakin ƙofa, yara suna leƙe ta bayansa. Muka juya. Ban ga laifinsa ba. In da ni ne na ga dillalai huɗu a ƙofata a irin wannan mako, abin da zan zata ke nan.

Wurin Mama Dokas ya fi wuya, ko da yake ita tabarma ta shimfiɗa mana. Ni aka sa in gaya mata gidan ba zai tsira ba. Ta saurara har na gama. Ta tambaya ko in ta sayar da doyar da take rumbu da 'yan awakinta zai isa. Na ce ba zai isa ba. Sai ta ce to mu yi abin da muka ga ya dace, ita ba ta san hanyar takarda ba, ta bar mu da Allah.

Ki sa mu a addu'a. Ranar tana matsowa, ba mu da komai a hannu sai shawara. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Gwadabe.


Suleja,
21 ga Afrilu, 1979.

Sailuba,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, a tsaye nake rubuta ta a tasha kafin motar Akinola ta cika.

Malam Tanimu ya sauko. Nnabuike ne ya koma shi kaɗai. Ashe lokacin yaƙin basasa, da su Nnabuike suka gudu gida, mahaifin Malam Tanimu ne ya riƙe wa wan Nnabuike shago, da suka dawo ya miƙa musu makulli da kuɗin hayar da ya tara. Nnabuike ya zauna a ƙofar gidan tun hantsi ya ce ba zai tashi ba, in dukan ne a doke shi. Da azahar aka fito masa da ruwa, da la'asar aka shigar da shi zaure.

Mun sami wani kamfanin masu awon hanya da zai kama ɗakunan goma gaba ɗaya. Har mun share, mun yi farar ƙasa, matan gidan sun kwashe kayansu sun koma baya. Ranar da za a biya, jami'in kamfanin ya aiko cewa sun fasa, wai sun ji gidan yana hannun banki. Kin san wanda ya kai musu labari.

Yanzu ɗaiɗai muke bi. Kowannenmu ya kawo mutanen da yake ajiye da su, waɗanda da a kansu zai ci abinci watan nan: akawuna, direbobi, wata nas mai suna Philomena, da wani mai gyaran rediyo. Ba wanda zai ba da hayar shekara biyu a kan gidan da aka liƙa wa takarda sai da mai tsaya masa. Saboda haka mu muka tsaya. Mun sa hannu cewa in gidan ya salwanta, mu za mu biya su. Na sa babur ɗina a ciki. Ban shawarce ki ba, don babu lokaci. In abin ya ɓaci, ba babur kaɗai zai tafi ba, sunana ne zai tafi, ba mai sake ba ni amanar ko akurkin kaji a garin nan.

Ga abin da ya fi damuna. Tun ranar Talata Baba Gambo bai sake zuwa shagon Adewale ba. Jiya da idona na gan shi a gidan gaba na farar Marsandi, sun nufi Kwamba. Ya gan ni, ya kau da kai. Ya san duk shirinmu, ya san sunan kowane mai saye da muka yi wa magana a kan gidan Mama Dokas. Tun jiyan nan mutum biyu sun aiko cewa ba za su zo gwanjon ba, sun ji filin na gado ne ana shari'a a kansa. Biyu daga masu haya kuma sun zo suna neman kuɗinsu, da ƙyar Nnabuike ya lallashe su.

Abinci ba ya shiga mini. Kada ki gaya wa Inna, hankalinta zai tashi.

Gwadabe.


Suleja,
27 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga maiɗakina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da yarinyar kuna cikin ƙoshin lafiya. Yanzu na idar da magariba, ƙafafuna sun kumbura, amma ba zan iya kwanciya ban rubuta miki ba.

Sai jiya da yamma kuɗin ya haɗu. Yau Juma'a, banki kuma a Minna yake, ana rufe shi da wuri, gobe gwanjo. Da asuba muka kama hanya a Bitil, motar Adewale, ni da shi da Malam Tanimu. Nnabuike ya tsaya ya ci gaba da bin masu sayen gidan Mama Dokas. Kuɗin yana cikin jakar fata a kan cinyar Malam Tanimu, ya rungume ta da hannu biyu tun daga Suleja.

Muna wuce Gawu motar ta yi tari ta mutu. Bel ne ya tsinke. Babu gida kusa, babu makaniki, rana tana ta hawa. Motoci biyu suka wuce ba su tsaya ba. Malam Tanimu ya ajiye jakar a hannuna, karo na farko da ya sake ta, ya tuɓe riga, ya kwance igiyar da aka ɗaure tayar baya da ita, ya murɗa ta ya ɗaura a madadin bel. Haka muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya, in igiyar ta saki mu tsaya ya sake ɗaurewa.

Mun shiga banki mutane sun fara raguwa. Akawu ya ce manaja yana da baƙi. Muka zauna a benci muna kallon ƙofarsa. Da aka shigar da mu, ya ƙirga kuɗin, ya jawo fayil, ya ce bai cika ba. Akwai ladan lauya, da kuɗin mai gwanjo, da na sanarwar da aka buga, kusan naira ɗari huɗu a kan abin da muka sani. Ya ce ba mugunta ba ce, shi ma yana da na sama da shi, in bai cika ba gobe za a kaɗa ƙararrawa.

Na dubi Malam Tanimu. Bai yi roƙo ba, bai yi faɗa ba. Ya dafa tebur zai miƙe, ya fasa, ya koma ya zauna. Na lalube aljihuna, abin da yake ciki ko kuɗin mota bai kai ba.

Adewale ya ce wa manaja ya ba shi ɗan lokaci, ya fita da gudu. Mutum mai tumbi irinsa, ban taɓa zaton yana iya gudu ba. Muka zauna. Aka fara rufe tagogi. Ma'aikata Musulmi suka fara fita masallaci. Masinja ya jawo ƙofar ƙarfe ya bar ɗan abin da mutum ɗaya zai wuce, yana dubanmu. Na je na tsaya a cikin ƙofar, rabina a ciki rabina a waje, ina ba shi labarin da ni kaina ban san kansa ba, don dai kada ya rufe.

Sai ga Adewale a bayan keken wani, jiƙe da gumi. Ya je wurin wani ɗan garinsu mai sayar da kayan mota a kasuwa, ya ajiye masa Bitil ɗin da takardunta, ya karɓo kuɗin. Manaja ya buga hatimi, ya ba mu rasit da takardar janye gwanjo. A bakin banki Malam Tanimu ya kama hannun Adewale da hannu biyu zai yi godiya. Adewale ya ce, "Malam, bari, mu nemi mota." Mun rasa sallar Juma'a, sai azahar muka yi a tasha. A bayan motar gawayi muka dawo, ruwan farko na bana ya same mu a hanya, takardar tana cikin jakar fata a ƙarƙashin rigar Malam Tanimu.

Gida ɗaya ke nan, in mai gwanjo ya yarda da takardar, don shi tun jiya yana Suleja, bai san an yi ba. Na Mama Dokas kuwa, Nnabuike ya ce cikin mutum bakwai da muka yi wa magana uku ne suka rage, su ma ba tabbas. Baba Gambo har yanzu ba labari.

Gobe war haka an gama. Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Gwadabe.


Suleja,
30 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga maiɗakina Sailuba,

Aminci da gaisuwa su tabbata gare ki, da Baba da Inna da 'yar tawa. Ina fata kuna lafiya. Na san kina zuba ido, to ga yadda aka yi.

Ranar Asabar da hantsi mai gwanjo ya kafa tebur a gindin mangwaron da yake tsakanin gidajen biyu, da ƙararrawarsa da gudumarsa da ɗan sanda ɗaya. Kwamba kaf ta fito. Farar Marsandi ta zo ta tsaya, Alhaji ya fito, Baba Gambo yana biye da shi riƙe da lema.

Malam Tanimu ya miƙa takardarsa. Mai gwanjo ya ce shi ba a gaya masa ba. Ya karanta, ya juya bayanta, ya ɗaga ta sama yana duba hatimin. Can ya ɗauki biro ya soke gidan daga jerinsa. Daga cikin gida muka ji guɗa. Alhaji ya juya ya dubi Baba Gambo, Baba Gambo ya dubi lemarsa.

Aka zo kan gidan Mama Dokas. Tana tsaye a ƙofarta da zanen zuwa coci, matan cocinsu sun kewaye ta. Aka kaɗa ƙararrawa, aka buɗe da dubu shida, daidai abin da banki yake bi. Baba Gambo ya ɗaga hannu a madadin Alhaji. Daga nan wurin ya yi tsit. Mai gwanjo ya yi kira, ba wanda ya motsa. Cikin mutanenmu uku, ɗaya bai zo ba, ɗaya wani tsohon hedimasta ne, yana tsaye yana kallon takalminsa. Na ga guduma ta tashi. Wallahi Sailuba, na ɗauka an gama.

Sai Morenike mai atamfa, wadda Adewale ya kawo, ta ce dubu shida da ɗari biyar. Hedimasta ya sami ƙarfin gwiwa ya ƙara. Aka shiga ja. A dubu takwas hedimasta ya janye, ya rage Morenike da Alhaji. Tun da safe ta gaya mana iyakarta dubu tara, ko sule ba ta da shi a sama. Alhaji ya kai tara da rabi, yana murmushi, ya ce da ƙarfi wai mace ta koma ta auna yadi. Ban san abin da ya shiga kanta ba. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce dubu goma.

Adewale ya riƙe kai. Mu mun san ba ta da su. In guduma ta sauka a kanta ba ta biya ba, cinikin ya rushe, abin da ta ajiye ya tafi, a sake sa rana ba kowa sai Alhaji. Shi kuwa ya tsuke fuska, ya kaɗa riga, ya juya ya nufi motarsa. Mai gwanjo ya ce dubu goma, ɗaya. Ya ce biyu.

A nan Baba Gambo ya buɗe baki, da muryar da har na bayan taro sai da ya ji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu tafi abinmu. Ai ba abin kunya ba ne mai tallan atamfa ta fi ƙarfin mutum a gaban jama'a. A Kaduna ba wanda zai ji."

Wani ya yi dariya, wasu suka kama. Alhaji ya tsaya da hannunsa a kan murfin mota. Ya waiwayo ya ce dubu goma sha ɗaya. Morenike ta nemi dakali ta zauna. Guduma ta sauka.

Bayan banki ya cire nasa da kuɗin ɗawainiya, abin da zai rage wa Mama Dokas ya haura dubu huɗu. Adewale zai raka ta Minna ta karɓa, ya ce daga nan sai ya ga yadda zai yi da motarsa. Malam Tanimu ya yi alkawarin sayar da gangar jikin tifar ya fanso masa ita. Masu haya sun fara tarewa jiya.

Na sami Baba Gambo a gindin ɗorawa na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, da wa yake. Ya ɓare goro ya ce, "Mutum ya biya ni in samo masa gida, ga gida ya samu. Me kuma kake so in ce?" Nnabuike ya rantse da gangan ya yi tun farko. Adewale ya ce a'a, ya sayar da mu ne, daga baya abin ya dame shi. Ni ban sani ba, ban kuma ga alamar zai faɗa ba.

Yau da safe Mama Dokas ta tashi. Mu uku muka loda mata kaya a a-kori-kura: gado, tukwane, turmi, da awakin. Mutane suna ta yi mana sannu da ƙoƙari, wai mun yi abin kirki. Ita ma ta yi godiya, ta sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, ta ce kuɗin zai yi mata ɗaki biyu a Garam da jarin doya. Amma da aka gama lodi ta ce a dakata. Ta koma ciki ita kaɗai, ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakunan nan huɗu tas, har tsakar gida. Ta fito ta ja ƙofa ta kulle. Ta daɗe tsaye da makullin a hannu, direba yana ta hon.

Sa'an nan ta kama hannuna ta sa shi a ciki, ta ce, "Ɗana, kai ka kai masa. Ni ba zan iya ba."

Na kai wa Alhaji. A ƙasa na tafi, ban hau babur ba. Makullai nawa na miƙa wa mutane a garin nan ina murna, yau na miƙa wannan na kasa duban fuskar mai karɓa. Da na fito na zauna a bakin kwalbati.

Ina nan tafe ranar Alhamis in Allah ya yarda. Ina so in gan ku. Ki gaida Baba da Inna da kyau.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Gwadabe.